Naman da Ba Shi da Wuya

Na manta sunayen rabin waɗanda muka yi makaranta tare, ko tabarau ɗina ma ban san inda na ajiye shi da safiyar nan ba, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kwashi dattawa uku a a-kori-kura na kai su kallon abin kunyata ba. Ni na nemo motar, ni na nuna wa direba hanya, ni kuma na yi fassara. Babu wanda zan ce ya yi mini asiri.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori ne. Mu Rundawa ne, fawa muka gada kaka da kakanni a Talata Mafara, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya shiga boko. Na kai aji uku na sakandare kafin lissafi ya koro ni gida. Turancin da na dawo da shi bai taka kara ya karya ba, a cikin kalma huɗu nakan kama ɗaya, sauran ukun in cike da basira. Amma a kwata wannan ya isa a riƙa kirana Bature. Shi ya sa da Baba ya samu kwangilar kai nama sansanin Turawan kamfani, ni aka ɗora a kan babur.

A daidai wannan lokacin nake neman Rabi, ɗiyar Malam Haliru na Bakura. Ita take karantar da mata a makarantar gidansu, kuma ni da ita mun riga mun daidaita. Matsalar ita ce gidan malamai ne tun daga tushe, ƙannen Malam kuwa sun ce ba a taɓa jin ɗiyarsu a gidan fawa ba. Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya faɗa wa Baba shi ne: "Ni ban da rigima da wuƙa, Alhaji. Abin da nike son sani guda na. In yaronga ya hwaɗi magana, ana iya ɗaukar ta a kai wani gari?" Ya ce zai ba da amsa bayan Babbar Salla. Wato watanni biyu aka ba ni in nuna ni mai gaskiya ne, ni kuma na ɗauka an ba ni su ne in nuna ni mai ilimi ne.

To, wata Asabar tayar babur ta yi faci, ban isa sansanin ba sai bayan azahar. Na miƙa wa Mamman Kuku namansa (mutumin Tsibiri ne, shi yake dafa wa Turawan abinci, kuma ya fi ni jin Turanci nesa ba kusa ba, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau). Ina shirin fita sai na ji shewa daga ɗakin cin abinci. Na leƙa ta ƙofa. Turawa sun kai goma sha, sun zagaye akwatin talabijin, wasu a kan kujera, wasu a ƙasa.

A cikin akwatin wani mutum ne zaune a bayan tebur, ya sha kwat da nakatayi, gashin nan a kwance luf, yana karanta labarai ba ya ko ƙifta ido. Sai aka nuna wani ƙaton inji. Ta wannan ɓangaren ana zuba ciyawa, ta wancan ɓangaren jan nama yana fitowa sala-sala, babu ƙashi, babu jini, babu kai balle ƙafa. Na kama kalmar nama, na kama kalmar inji, na kama inda ya ce a wata mai zuwa. Daga nan aka nuna shanu sun yi layi suna fita ta wata ƙofa, kowace da hula a kanta, wani mutum yana miƙa musu takarda. (Na san abin da za ka ce. Amma ka tuna a sansanin nan na ga kare da riga, na ga an yi wa kyanwa allura. Saniya da hula ba ta ba ni mamaki ba.) Mai karanta labaran ya dubi idona, ya faɗi wata magana a hankali yadda har ni na kama ta duka: "Kun ji daga gare mu, saboda haka ya faru." Turawan nan suka amsa masa baki ɗaya, suna buga tebur suna dariya. Na ce a raina, ai dole ku yi murna, nama zai yi arha.

Minti biyar na tsaya a ƙofar nan. Ban tambayi Mamman komai ba, don kada ya ce Baturen kwata bai gane ba.

Kafin ka yanke mini hukunci, bari in kare mutanenmu, ni ban da abin kare kaina. Turawan nan fa da idonmu muka ga sun tare gulbi. Gonakin da kakanni suka noma sun koma ƙarƙashin ruwa, an tayar da garuruwa an sake musu mazauni. Wanda ya ga haka, idan ka ce masa Bature ya ƙera injin nama, ba zai ce ƙarya kake ba. Cewa zai yi, yaushe zai iso?

Baba na fara faɗa wa. Yana wasa wuƙa, ya tsaya cak.

"Kai ka gani, ko hwaɗa maka anka yi?"

"Da idona, Baba. A labarun duniya."

"Shanun hwa?"

"An sallame su daga aiki. Har takarda anka ba su."

Baba ya daɗe yana kallon wuƙar. Sannan ya ce, "To naman nan, ta ina aka yanka shi?"

Wallahi ban yi tunanin wannan ba. Na ce, "Ai ba shi da wuya, Baba."

Kafin Talata, ranar kasuwa, maganar ta riga ni ko'ina. Sarkin Fawa ya tara mahauta a kwata aka sa ni na maimaita sau uku, kuma kowace maimaitawa injin yana ƙara girma. Mahautan Maradun sun zo sun ji, na Damri sun aiko wakili. Wani Bafulatani daga Damaga ya tare ni a kara ya tambaye ni ko takardar sallamar nan mai shanu ake ba ko saniyar. Na ce masa saniyar, don haka na gani. Wannan makon na ji daɗin duniya. In na wuce ana nuna ni, tsofaffin da suka yi mini kaciya suna matsa mini wuri a kan benci. Har na fara tafiya da biro biyu a aljihun gaba.

Amma abin da ya raba kan gari shi ne tambayar Baba. Yanka dai kowa ya san sharaɗinsa: a fuskanci alƙibla, a ambaci sunan Allah, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu. To naman da bai taɓa yin wuya ba fa? Wasu suka ce hukuncinsa hukuncin kifi, a ci kawai. Wasu suka ce nama in ba a yanka ba mushe ne, ko daga ina ya fito. Wani ya kawo sulhu, ya ce a juya injin ya kalli gabas, Musulmi ya yi bisimilla ya danna makunnin. Aka kusa dambe a kan wannan. Daga ƙarshe Sarkin Fawa ya ce a kai wa masu abin, a nemi fatawa. A duk yankin kuwa wa ake kai wa fatawa in ba Malam Haliru ba?

Ranar Laraba aka aiko in je Bakura. Na sa farar rigata ta Juma'a, na ƙara biro na uku.

Na sami Malam a zaure a kan buzunsa, littattafai a buɗe kewaye da shi. Na zube na kwashi gaisuwa, ya tambayi Baba, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi gajiyar hanya, har ya tambayi babur. Sannan ya ce:

"Labarin injin nan, daga wa kaj ji shi?"

"Allah gafarta Malam, da idona nig gani."

"Injin kag gani, ko mai ba da labarin injin?"

"Duka biyu, a cikin akwati."

"To shi mai ba da labarin, ka san shi da gaskiya? An taɓa kama shi da ƙarya?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, da kwat da nakatayi shike."

Malam ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce tun da maganar ta iso masa yake bin littattafai, ya ga hukuncin kifi, ya ga na fara, ya ga na ɗan tayin da aka samu a cikin uwa, bai ga naman ciyawa ba. Ya ce shi ba ya ba da fatawa a kan abin da bai tabbatar ba. "Ka kai mu mu ga mutumin. In maganarka ta tabbata, ka yi wa jama'a babban aiki."

Da zan fita Rabi ta aiko mini da fura daga cikin gida, da saƙon cewa ta ji ana ta ambaton sunana. Na hau babur ina jin kamar an riga an shafa fatiha.

Ranar Asabar na ɗauko a-kori-kura. Malam da Sarkin Fawa a gaba, ni da Baba a baya muna riƙe da huluna. Mamman Kuku ya yi mamakin ganin rawuna a ƙofar kicin, amma ya shiga ya yi magana da wani dogon Bature mai gemu da muke kira Mai-Lofe. Shi kuwa Baturen nan sai murna kamar an ce masa ga 'yan'uwansa sun zo. Ashe abin ba daga gidan talabijin yake zuwa ba, kaset ɗin bidiyo ne da suka zo da shi daga ƙasarsu, duk Asabar sai sun sa shi, sun haddace shi kamar karatun allo. Wannan ya kamata ya fara tayar mini da hankali, domin labarun duniya ba a haddace su. Bai tayar ba.

Aka kawo wa dattawa kujeru a sahun gaba. Mamman ya koma kan tukunyarsa. Ni aka tsayar kusa da akwatin a matsayin tafinta, na gyara biro. Mai-Lofe ya mayar da kaset ɗin farko, wurin da ban gani ba wancan makon.

Aka fara da duhu da taurari. Ga duniya can ƙasa kamar ƙwallo, ga wani gida mai fitilu yana shawagi a samanta.

"Ina ne nan?" in ji Malam.

"Ofishinsu na, Allah gafarta Malam."

"A sama?"

"Da alama."

Sai aka shiga cikin ofishin. Wasu ma'aikata biyu suka turo mutumina a kan amalanke, da kwat ɗinsa da nakatayinsa, idonsa a rufe. Suka zaunar da shi a bayan tebur. Ɗaya ya ɗaga gashin nan mai kwanciya luf kamar murfin tukunya, ya zuba batura huɗu, ya mayar ya rufe. Mutumina ya buɗe ido ya ce barkanku da warhaka.

Ban fassara wannan ba. Babu wanda ya nemi fassara.

Labari na farko, na ji rana, na ji sabulu, na ji sayarwa. Malam ya ce, "Mi yac ce?" Na ce, "Ya ce wani kamfanin sabulu ya saye rana. Daga yanzu ba ta hitowa sai an nuna tallarsu." Sarkin Fawa ya ce, "La'ilaha illallahu." Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Labari na biyu, an fasa ranar Alhamis saboda ba ta da masu kallo. Na fassara. Muryata ta koma kamar ta ɗan akuya. Labari na uku shi ne nawa: ga inji, ga ciyawa, ga nama, ga shanu da huluna. A wannan karon na lura ɗaya daga cikin shanun tana sanye da agogo.

Mutumina ya dubi dattawan nan, ya fara maganarsa ta ƙarshe, sai haɓarsa ta ɓalle ta faɗo kan tebur, ƙwal. Wani ya shigo da sukudireba ya ɗaure masa ita. Ya ci gaba daga inda ya tsaya: "Kun ji daga gare mu, saboda haka ya faru." Turawa suka amsa, suka buga tebur, wani har yana share hawaye.

Malam ya juyo a hankali. "Wanga shi na malamin naka?"

"Shi na, Allah gafarta Malam."

"Ma sha Allah. Tambayam min Baturen, mi ad dalilin dariyar."

Na tambaya da Turancina da ya rage. Mai-Lofe ya cire lofensa, ya yi mini bayani a hankali, kalma-kalma, da hannu da ido, yadda babu ta inda zan kuɓuta. Ya ce wasan kwaikwayo ne, an shirya shi kamar shekaru ɗari nan gaba. Ya ce a ƙasarsu ma ba kowa ya san shi ba, amma waɗanda suka san shi ba sa gajiya da shi. Ya ce ana zolayar masu gidajen talabijin ne, yadda suke faɗin duk abin da suka ga dama da fuska a ɗaure. Sannan ya ce wanda aka fi yi wa dariya shi ne mutumin da zai zauna gaban akwati, ya ga kwat da nakatayi, ya yarda. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce amma ai babu irin wannan mutumin.

Dattawa uku suna kallon bakina. Mamman yana kicin, ina jin ƙarar cokalinsa. A duk ɗakin babu mai jin harsunan nan biyu sai ni. Wallahi shaiɗan ya kawo mini fassara har kala uku, kowace ta fi wata kyau. Zan iya cewa Baturen ya ce injin gaskiya ne, mai karantawar ne dai ba shi da lafiya. Zan iya cewa an ɗage zuwan injin sai baɗi. Da mun hau mota mun koma, da na kai Babbar Salla da mutuncina. Na tuna Rabi da furarta.

Ban san abin da ya hana ni ba. Ina jin gajiya ce kawai, mako guda ina ɗauke da inji a ka.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ya ce wasa na. Babu inji. An yi shi don a yi ma wawan da ka yarda da duk abin da akwati yah hwaɗi dariya. Ya ce babu irin wanga wawan a duniya." Sannan na ƙara da cewa, "Bai san ni ba."

Sarkin Fawa ya rufe bakinsa da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Malam ya miƙe, ya gode wa Baturen da kai, ya ce a yi masa godiya da baki. Wannan ma ni na fassara.

Muka kama hanyar komawa har muka kusa gari. Sannan Baba, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Biron nan uku, wanne ne ka rubutu?" Na ce babu ko ɗaya. Ya ce ya yi zaton haka.

Talatar da ta biyo baya ban so zuwa kasuwa ba, Baba ya ce ko a kan gadon asibiti nake sai na je. Tun daga bakin kwata aka tarbe ni. "Ba-Wuya ya iso!" "Ba-Wuya, yau akwai rana ko ba a biya ba?" Bafulatanin Damaga ya zo har teburinmu, da ladabinsa, ya ce saniyarsa tana tambaya ko hular ita za ta saya ko kamfani ne zai bayar. Sunan Bature ya mutu a ranar. Yau shekaru nawa, har a katin ɗaurin auren 'ya'yana sai an sa Ba-Wuya a ƙarƙashin sunana, in ba haka ba mutane ba sa gane gidan.

Bakura kuwa ban sake takawa ba. Na riga na yi wa Rabi bankwana a zuciyata, na rame har wuyan da ake tsokanata da shi ya fito. Kwana biyu bayan Babbar Salla Malam ya aiko a kira Baba, ya ce in biyo shi. Ƙannen Malam suna zaure, fuskokinsu a sake, sun zo jin abin da suka daɗe suna jira.

Malam ya ce, "Na ce zan duba ko ana ɗaukar maganar yaronga a kai wani gari. An ɗauka, ta kai gari huɗu, kuma ba gaskiya ba ta." Ƙannen suka gyaɗa kai. "Amma na tambayi Mamman Kuku daga baya abin da Baturen yac ce, don yana jin su daga kicin. Yaron bai rage ko harafi ba, sai ma ƙari da yay yi a kan kainai. Wurin da ƙarya za ta cece shi, babu mai kama shi, bai yi ta ba. Yaronga ba maƙaryaci ba ne. Wawa na. Wauta kuwa ana maganinta, ga Rabi nan ta iya karantarwa. Alhaji, na ba ku."

Baba ya fara godiya. Ni kuwa hawaye kawai, ban ma san ta inda suka fito ba.

"Da sharaɗi guda," in ji Malam. "Muddin ina raye, ko shi kaɗai yag ga watan azumi a duk ƙasar nan, kada shi hwaɗa ma kowa."

Na riƙe wannan sharaɗin har bayan ransa, Allah ya jiƙansa. Sau biyu ina ganin wata da idona in shige gida in yi shiru.

Abin da na koya ba shi da yawa. In magana ta zo maka da kwat da nakatayi, ka zagaya baya ka duba ko akwai wurin sa batir. In kuma ka iso a tsakiyar abu, ka tambayi kuku.

Kwanakin baya babban ɗanmu ya turo mini wani bidiyo. Wai yanzu Turawa suna shuka nama a cikin wasu manyan tukwanen ƙarfe, babu saniya, babu yanka. Na kalla sau uku, na duba bayan kan mai maganar da kyau. Sannan na tashi da sauri har ina tuntuɓe, na sami Rabi tana tsintar shinkafa a tsakar gida.

"Hajiya! Injin nan ya hito! Naman da ba shi da wuya! Ashe ni ad da gaskiya, shekarun nan duka!"

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Wa ya hwaɗa maka?"

Na ce, "Waya."

Ta ce, "Shi nika tambaya ai. Wa ya?"

Na mayar da wayar aljihu na koma inuwa na zauna. Ban faɗa wa kowa a kwata ba, kai ma ba daga bakina ka ji ba.